Neman kalmar Hausa: wa ke da hannu a tseren jiragen shira'i?

Salamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka da na tsallaken bahar. Kalma nake nema, wadda za a iya ƙwalawa cikin iska mutum ya gane nan take. A tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda mu nan muke ce wa jiragen shira'i, in jirage biyu suka nufo wuri ɗaya doka ta riga ta raba gardama, ɗaya ya ci gaba da tafiyarsa ɗayan ya kauce. Turawa na ce wa wannan right of way, Larabawa su ce awlawiyya kamar dai yadda muke ji a dawwar, wato shataletale. Mu fa me za mu ce? Tun gasar share fagen Kofin Amurka, babbar gasar tseren jiragen shira'i, da aka yi nan Jidda ƙarshen Nuwamba zuwa 2 ga Disamba 2023, inda ƙungiyoyi 6 suka fafata a kan jirage samfurin AC40 har Niyuzilan ta doke Luna Rossa ta Italiya a wasan ƙarshe, yaranmu da dama suka kamu da kallon abin a waya, amma duk bayanin da Larabci suke yinsa, in an ce su faɗa wa iyaye da Hausa sai magana ta tsaya. Wannan yana damuna wlh.

Bari in shimfiɗa dokar tukuna don kada mu raɗa suna a kan abin da ba mu gani ba. Littafin dokokin na hukumar World Sailing ne, duk shekara 4 ake sabunta shi. Kofin Amurka na da nasa gyare-gyaren amma tushen ɗaya ne. Doka ta 10 tace jirgin da iska ke shigar masa ta hagu shi zai kauce wa wanda take shigar wa ta dama. Ta 11, in duk ta gefe ɗaya take shigar musu kuma suna kafaɗa da kafaɗa, wanda iska ke fara tararwa shi zai kauce. Ta 12 na baya ya kauce wa na gaba. Ta 13 kuma wanda ke tsakiyar juya hancin jirgi ta cikin iska shi zai kauce wa kowa har sai ya daidaita.

A cikin waɗanda suka kawo shawara, wani ɗan uwa daga unguwar Hindawiyya ya fara da "haƙƙin hanya". Kafin in ce komai Kawu daga Shari' Mansur ya rubuto: "A'a ɗana, haƙƙin hanya yana da mai shi a Hausa, shine na hadisi, runtse ido da kau da cuta da amsa sallama da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, duk wanda ya zauna gaban malam can hankalinsa zai tafi." Allah ya ƙara girma Kawu, gaskiyarka. Ni ma abin da ya hana ni ita shine haƙƙi abu ne da kake riƙe da shi, wannan kuwa yana iya barin wurinka cikin daƙiƙa biyu, kana juya jirgi ya koma wurin abokin karawarka.

Sai wata Yaya daga Madina ta kawo "mai dama", kuma da farko ta burge ni sosai, ga dama ta gefen jirgi ga dama ta samun iko, kalma ɗaya ta ɗauki biyu. Matsalar tana doka ta 11. Jirage biyu duk iska na shigar musu ta hagu, ɗaya dole shi ke da ikon wucewa, toh sai mu ce mai hagu ne mai dama? Yaro mai koyo zai rikice a daidai lokacin da rikicewa ke fasa jirgi. Yaya ki yi haƙuri, amma ban yar da kalmarki ba, zan dawo kanta.

Abin da na tsaya a kai na direbobi ne: hannu. Direban Bahaushe a Kano ko a Jidda yana cewa hannuna ne, ya shigo hannuna, ba shi hannu ya wuce. Kaga kenan muna da bangarorin biyu a shirye, mai hannu da mai ba da hannu. Kuma direba ya san kasancewa a kan hannunka ba lasisin take mutum ba ne, haka dokar bahar ɗin take, ta 14 ta wajabta wa kowa kauce wa karo har da mai hannun, ta 16 kuma tace in mai hannu zai sauya hanya sai ya bar wa ɗayan sararin kaucewa. Gefen iska kuwa sai mu ce iskar dama da iskar hagu, kada a sa kalmar hannu a ciki. Doka ta 10 ta zama: iskar dama ke da hannu. Ta 11: na ƙasan iska ke da hannu, na saman iska ya kauce.

Ku gwada ta a wurin da abin ke faruwa. Jirgi ba ya tafiya kai tsaye cikin iska, sai ya karkata kamar digiri 45, ya yi nan ya juya ya yi can, shi yasa suke ta gittawa juna. Kana iskar hagu, ka leƙa ta ƙarƙashin shira'i, wato ƙyallen da iska ke turawa, ka hango hancin wani jirgi, ka sake leƙawa yana nan daidai inda yake a idonka sai dai girma yake ƙarawa, toh karo ne ke tafe. Ko ka saki igiya kaɗan ka bi ta bayansa har ka ji tsartuwar ruwansa, ko ka juya a ƙasansa ku jera, ko in ka tabbata ka sha gabansa ka gitta. Shi kuma yana ƙwala maka kira, Turawa "sitabod" suke cewa, wato gefen dama na jirgi. Nan ne kalmar Yaya ta zauna daram: "Dama!" Gajeriya, ta fita da ƙarfi, kuma ta faɗi dalilin.

Gwanaye da hannun nan suke fafatawa. Shi yasa da yawa ke son tunkarar alamar farko, cikin alamomin da ake sawa a ruwa jirage su zagaya, a iskar dama, duk wanda ya zo ta hagu sai ya nemi rata ko ya bi bayan jerin gaba ɗaya. Na gaba kuma yakan tsaya tsakanin na baya da iska ya bar shi da ragowar iskar da ta fito daga shira'insa, wannan "tare iska" kawai za mu ce, ba ta buƙatar taro.

Baba daga Bur Sudan, wanda yace kakanninsa a sambuk, jirgin shira'i na katako, suka tsallako daga Sawakin zuwa Jidda aikin hajji, ya ƙi yarda. Yace a Hausarsu ta can "mai hanya" ta fi sauƙi, ba ni hanya kowa ya sani har wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, kuma "yana da hannu" a kunnensa zargi ne, kamar a ce mutum yana da hannu a ciki. Baba ranka ya daɗe wannan ta ƙarshen ta kama ni, amma a baki direba "ni ke da hannu" yake cewa, babu "a ciki", kuma a bahar babu hanya shimfiɗaɗɗiya da za a ce ta wani ce. Ni dai a rubutuna mai hannu zan riƙa sawa, ku na Sudan in kun ce mai hanya za mu gane ku.

Hukuncin tara kuwa, wanda ya karya dokar hannu yakan wanke kansa da juyi 2 cikakku, in alama ya taɓa juyi 1, na ga an kawo "juyin kaffara", ni na fi son juyin tara, a bar kaffara a muhallinta.

Saura guda da ta gagare mu, doka ta 18. Kewayen alama akwai da'ira mai tsawon jirgi 3, wanda yake tsakaninka da alamar kafaɗa da kafaɗa da kai lokacin da na farkonku ya shiga da'irar, galibi sai ka bar masa wurin zagayawa ko da kai ke da hannu. An kawo "hurumin alama", an kawo "sararin kwana". Kawu, Baba, wacce ta fi zama a bakinku?