Takalmin ƙwallon kwando na gasa: me kuka gani da ƙafarku?

Ɗan Auta: Salamu alaikum. An ɗauke ni cikin ƙungiyar da za ta buga gasa a ɗakin wasa mai daɓen katako, ni kuwa duk wasana a siminti na saba yi. Ƙasan takalmina ya cinye har zanen ya ɓace. Ina son in ji daga waɗanda suka buga gasa: me kuka fi dubawa kafin ku saya? Mai dogon wuya ko mai gajere?

Dogo: Wa alaikumus salam. Ni a ƙarƙashin kwando nake tsayawa, aikina tsalle da dira ne, kuma jikina da nauyi. Abin da gwiwata ta koya min shi ne soson da ke cikin takalmi. Da na sa mai siririn soso, bayan wasa sai in ji gwiwa na zugi har dare. Na koma mai kaurin soso a dunduniya, zugin ya ragu sosai. Amma fa ƙanena, kai idan mai gudu ne da ƙwallo, kada ka bi ni, don soso mai kauri yana ɗaga ƙafarka nesa da ƙasa, juyi ya yi maka nauyi.

Koci Bala: Ɗan Auta, bar maganar wuya tukuna, fara da ƙasan. A cikin yaran da nake horarwa, wanda ya fi yawan faɗuwa ba mai gajeren wuya ba ne, mai santsin takalmi ne. Katako yana tara ƙura, ƙurar ta manne a roba, ka zo tsayawa kwatsam ƙafa ta tafi ta bar ka. Zanen da na ga ya fi riƙo shi ne wanda ke tafiya zigizag, layi kan layi, don yana kama ƙasa ko ta wane ɓangare ka tura ƙafa. Roba mai garai-garai da ake hangen ciki tana da kyau a ido, amma sau da yawa na ga ta fi kwasar ƙura, yaro yana wasa yana ta shafa ƙasan takalmi da tafin hannu. Sannan ka duba gefen waje, wajen ƙaramin yatsa. Takalmin kirki yana da ɗan faɗi da ya fito a nan, shi ke hana ƙafa kifewa idan ka yanka gefe. Ka matsa bayan dunduniya da yatsa ma: in ya lotsa cikin sauƙi, ajiye shi.

Maryam 10: Koci ya gama magana kan riƙo. Ni zan ƙara da awo. Ƙafata faffaɗa ce, na sha sa takalmin da tsawonsa daidai ne amma yana matse gefe, ga bororo, ga farce ya yi baƙi. Yanzu da yamma nake gwadawa, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da nake wasa da ita. In bar wuri kamar faɗin babban yatsa a gaba, in ɗaure igiya har ramin ƙarshe, in yi gudu in tsaya. Dunduniya ta ɗaga ko yatsu suka daki gaba, ba nawa ba ne, ko da sunan wa aka rubuta a jiki.

Dogo: Amma Koci, dogon wuya bai kare idon sawu? Ni dai hankalina ya fi kwanciya da shi.

Koci Bala: Kwanciyar hankali ma wani abu ne, ban raina ta ba. Sai dai na ga targaɗe a cikin dogon wuya, musamman idan mutum ya dira kan ƙafar wani. Ka tuna Kobe Bryant, shahararren ɗan ƙwallon kwandon Amurka, a 2008 ya sa Nike suka yi masa mai gajeren wuya, Kobe 4, yana kafa hujja da 'yan ƙwallon ƙafa da ke yanke-yanke da gajeren takalmi. Stephen Curry kuwa, shi ma ɗan ƙwallon kwandon Amurka, da ya sha fama da idon sawu, abin ɗaure idon sawu yake sawa daban a cikin takalmi. Wanda ya taɓa targaɗe cikin yarana, abin da nake sa shi yi ke nan, tare da atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Gajere: Kada a manta tsufan takalmi. A Fabrairun 2019 takalmin ɗan wasa Zion Williamson ya yage a ƙafarsa daƙiƙu kaɗan da fara wasan jami'o'in Duke da North Carolina a Amurka, ya ji ciwo a gwiwa. Tun daga nan nake duba inda saman takalmi ya haɗu da ƙasansa kafin kowace gasa. Kuma ni biyu nake ajiyewa: mai taurin roba da zurfin zane na siminti, mai laushin roba na katako kawai. Siminti yana cinye mai laushi da wuri.

Ɗan Auta: Na gode ƙwarai. Koci, gasar ta kusa, zan iya sa sabo kai tsaye ranar wasa?

Koci Bala: A'a. Yi atisaye da shi tukuna har ya saki, ka ji inda yake cizo tun kana da lokacin canza safa ko ɗaurin igiya. Ka sa shi ne sai ka shiga ɗakin wasa, kada ka taka waje da shi, kuma ka riƙa goge ƙasan da ɗanyen tsumma kafin a busa usur.