"Ƙasar kek": kirari ne ko gori?

Ɗalibi: Salam jama'a. Na ci karo da wata magana wai ana yi wa Sikotland take da Land o' Cakes, wato ƙasar kek. Ni kek ɗin biki na sani mai sukari, to miye abin tinƙaho a ciki?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ba wannan kek ɗin bane ƙanina. Su a da in suka ce cake, oatcake suke nufi, wani biskit ne siriri na garin ot, hatsin nan da muke saya a gwangwanin Quaker. Gari ne da ruwa da gishiri da ɗan kitse, a murza shi yayi faɗi, a ɗora a farantin ƙarfe ya gasu har ya bushe ƙayau. In an raba shi gida huɗu ko wane yanki sunansa farl, daga tsohuwar kalmar fardel, ma'ana ɗaya bisa huɗu.

Maman Yara: Ni fa gori nake ji a ciki wlh. Samuel Johnson, wani marubuci ɗan Ingila, a ƙamus ɗinsa na 1755 cewa yayi ot hatsi ne da ake ba dawaki a Ingila, amma a Sikotland mutane ne ke rayuwa da shi. In ba raini ba menene wannan? Kamar ka kalli mutum ka ce abincinku dusa ce.

Yaya Babba: Wancan gori ne Hajiya, ban musa ba, amma bakin baƙo ne. Taken kuwa su suke faɗinsa da bakinsu, mawaƙinsu Robert Burns da shi ya buɗe wata waƙa a 1789 yana kiran 'yan ƙasarsu. Kuma ƙasar sanyi ce da danshi, alkama bata ji daɗinta sosai, ot ɗin shi ya riƙe su, tun ƙarni na 14 wani marubucin tarihi mai suna Froissart ya rubuta cewa mayaƙansu na ɗaure 'yar jakar gari da farantin ƙarfe a sirdi, yunwa ta taso su kwaɓa su gasa nan take.

Maman Yara: To na yarda in ɗan gida ya faɗa kirari ne. Amma ni baƙuwa in na faɗa wa mutumin can fa, ba zai ji haushi ba?

Ɗalibi: Tambayar da zan yi kenan Yaya.