Kwamfutata na neman sa mini hawan jini, me zan fara canzawa?

Mai Zane: Assalamu alaikum 'yan'uwa, a taimaka da shawara. Kwamfutar tebur ce yayana ya bar mini da ya canza aiki. Shi lissafi kawai yake yi da ita, har yau fayilolinsa na ciki, ina jin nauyin gogewa. Ni kuma zane nake yi da tace bidiyo. Furosesanta, wato ƙwaƙwalwarta, Core i5-6500 ne, RAM kuma, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai, 8GB. Da na buɗe manhajar bidiyo, ga ta zane, ga shafuka wajen ashirin a burauza, sai ta tsaya cik, akwatin ya riƙa wani ƙirt-ƙirt. Jiya mai aiki na zaune gefena, sai da muka gama hirar duniya ba ta farfaɗo ba. Na ji kunya wallahi. Abin da na tara abu ɗaya zai saya. Abokina ya ce katin girafik, GTX 1650. In saya?

Injiniya: Wa alaikumussalam. Kada ka saya, ƙanena. Ƙirt-ƙirt ɗin nan ya tona asiri, tsohon faifai ne mai juyawa. Idan RAM ta cika, Windows kan zuba ragowar a faifai, shi kuma da ƙyar yake wuce 150MB a daƙiƙa. SSD, wato faifai marar juyawa, irin na SATA yana kai 550. Buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna nauyin da ke kan kowane sashe, lokacin da ta daskare, za ka ga faifai a 100%. SSD tukuna, sannan RAM 16GB, sanda biyu iri ɗaya don su yi aiki tare.

Mai Zane: Na gode Injiniya. Amma fa aikina na hoto ne, shi ya sa nake ganin katin hoto ne maganin. Abokin nan nawa ya san kwamfuta sosai.

Baban Biyu: Ni haka aka yi mini. Na sayi kati, na zo gida, murfin akwati ya ƙi rufuwa. Ashe siririyar kwamfutar ofis ce, sai gajeren kati. Na koma wurin mai shagon ya ce an riga an buɗe kwali. Yana nan a durowa, duk na gan shi sai raina ya ɓaci.

Injiniya: Ka ji ko? Kuma bai faɗa mana girman akwatinsa ba, bai faɗi wat nawa na'urar wutarsa ke bayarwa ba. Katin shi kaɗai wat 75 yake ja, na'urorin siraran nan kuwa da yawa ba su wuce 240 ba. Ramukan RAM nawa gare ka, biyu ko huɗu?

Malama Mai Hoto: Ni dai RAM ce ta cece ni. Adobe ma 16GB suke ba da shawara ga bidiyon HD a Premiere, manhajarsu ta tace bidiyo, 32GB ga 4K. Kafin ka kashe kuɗi, rage shafukan nan, ka riƙa tacewa da ƙaramin kwafin bidiyon, sai wajen fitarwa ka koma kan na asali.

Mai Zane: Malama, shafukan duk na aiki ne, ba zan iya rufewa ba.

Ɗan Gyara: Duk ɓarnar kuɗi ce. Furosesan 2015 fa! Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga zubi na 8 na Intel take karɓa. Furosesan zubi na 8 ba ya aiki a madabod ɗinka, wato babban allon da ake dasa shi a kai, ko da ramin ya yi kama. Ka ci gaba da tari ka sayi wata.

Injiniya: Ya zauna ba aiki har sai yaushe? SSD ai ba asara ba ne, ranar da ya sayi sabuwa zai cire ya mayar can. Shekara nawa ina wannan aiki, ban taɓa sa wa mutum SSD ya dawo da ƙorafi ba.

Ɗan Gyara: To ni an dawo mini.

Mai Zane: Ba zan sayar da ita ba gaskiya, kyautar yayana ce. Akwatin ban taɓa buɗewa ba, ina tsoron in lalata wani abu. Abokina ya ce zai ba ni katin in biya a hankali, nasa ne da ya cire.

Injiniya: Au, ashe shi ne mai sayarwar?

Mai Zane: Ba haka ba ne, mutumin kirki ne. Wai idan na sa katin, ƙirt-ƙirt ɗin zai daina?