Jita mai naɗewa: za ta jure tafiyar Daura, Katsina da Kano?

Ɗan Kusugu, daga Daura:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kayan kiɗa, musamman masu yawan tafiya da su. Ni malamin makaranta ne a nan Daura, kuma ni da wasu abokaina muna da ƙaramar ƙungiya da ke rera waƙoƙin wayar da kai a kan karatun 'ya'ya mata da tsaftar gari, ni ne nake kaɗa musu jita. Wannan aiki yana kai ni Katsina da Kano a kai a kai, wani lokaci har Abuja. Jitar da nake da ita babba ce, tsawonta ya ɗan haura mita 1, kuma duk wanda ya saba shiga motar haya ya san yadda ake cika but da buhuna da akwatuna har sai an ɗaure murfinsa da igiya. Idan na riƙe ta a hannu na takura wa abokan zama, idan na biya mata kujera kuɗin mota ya ninka, idan kuma na miƙa ta aka sa a but ba ni da kwanciyar hankali har a isa. A wata tafiya an ɗora kaya masu nauyi a kanta, ta tsage a daidai inda kanta ya haɗu da wuya.

Na ga ana tallar wata irin jita da ake naɗe wuyanta a saka ta cikin jakar goyo. Shin sautinta ya kai na jita ta sosai, kuma gaɓar da ake naɗewa ba ta saki idan an daɗe ana amfani da ita? Sannan ana barin mutum ya shiga jirgi da ita a hannu? Kuɗinta ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake son jin ta bakin masana kafin in yanke shawara.

Malam Mai Tsirkiya, Ƙofar Sauri, Katsina:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki da kuke yi. Abin da ake kira jita mai naɗewa ba iri ɗaya ba ne, kuma ya kamata ka san bambancinsu kafin ka fitar da kuɗinka. Akwai wadda wuyanta ke manne da jikinta ta hanyar gaɓar ƙarfe, sai a kwance noti guda a kifa wuyan a kan fuskar jitar, tsirkiyoyin suna nan a ɗaure amma sun saki. Wannan ita ce ƙirar kamfanin Voyage-Air na Amurka. Akwai wadda ake zare wuyan gaba ɗaya a ajiye shi a gefen jikin, kamar ta Journey Instruments, wadda aka yi jakarta a kan awon da jirage da yawa ke karɓa a matsayin kayan hannu, wato kusan santimita 56 da 36 da 23. Sai kuma Little Jane ta kamfanin Furch da ke ƙasar Cek, wadda ake raba ta uku, jiki da wuya da kai, a cusa wuyan cikin jikin. Masu jitar lantarki ma suna da tasu, irin ta Ciari, wadda ke naɗewa a tsakiyar wuya.

Game da sauti, girman jiki da irin katakon da aka yi fuskar da shi su ne ke ba jita muryarta. Wadda aka yi mata cikakken jiki kuma wuyanta ya zauna daram, mai sauraro ba zai gane cewa naɗe ta ake yi ba. Wadda aka rage jikinta domin ta shiga ƙaramar jaka kuwa, dole ta rasa wani abu daga kaurin sauti, kuma za ka ji hakan a fili idan kana kaɗa wa mutane biyar ko shida masu rera waƙa a tsakar makaranta ba tare da amsakuwwa ba. A nan ne cinikin yake, domin naɗewa tsawo kawai take ragewa, faɗin jikin da kaurinsa suna nan yadda suke.

Maganar gaɓa kuma, ka tuna cewa tsirkiyoyin ƙarfe guda 6 idan an ɗaure su daidai suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70, na roba kuwa wajen kilo 40. Duk wannan nauyi a kan gaɓar nan yake sauka. Ta kamfanonin da suka ƙware tana ɗaukarsa shekara da shekaru, amma ina ja maka kunne a kan marasa suna da ake sayarwa da araha a intanet, domin idan wuyan ya kauce ko da kaɗan ne daga mazauninsa, tsirkiyoyin za su yi nisa da ƙarafunan wuya, wato ƙananan ƙarafan da aka jera a gicciye a kan wuyan inda ake danna tsirkiya, har yatsu su gaji, ko su kwanta a kansu suna zuza. Kuma kowace iri ka saya, bayan ka buɗe ta sai ka sake saita sautinta, wani lokaci har sau biyu, kafin tsirkiyoyin su zauna.

Baba Kafinta, Ƙofar Guga:

Malam ya yi bayani mai kyau a kan ƙira, amma ni da ake kawo wa gurmi da garaya da jita gyara, abin da nake gani ya fi kashe jita a ƙasar nan shi ne iskar hunturu da zafin bazara, kuma waɗannan biyun ba ruwansu da ko jita tana naɗewa ko ba ta naɗewa. Ɗana, ka saurari wannan da kyau.

Manyan masu ƙera jita irin su Martin da Taylor suna cewa katakonta yana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Katsina da Daura, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20, kuma ba kwana ɗaya ko biyu ba, watanni ake yi a haka. Duk makaɗin gurmi ya san fatarsa tana saki da damina ta ɗaure da hunturu. Katakon jita ma haka yake sha yana fitarwa, sai dai shi idan ya tsuke ya rasa wurin zuwa, tsagewa yake yi. Alamar farko ita ce bakin ƙarafunan wuya su fito suna kartar hannu, saboda katakon ya tsuke ƙarfen bai tsuke ba. Daga nan fuskar jitar ta lotsa, tsirkiyoyi su fara zuza, sannan wata safiya ka buɗe jaka ka tarar da tsaga daga jakin da ke riƙe da tsirkiyoyi har zuwa gindi. Wadda aka sayo daga Legas ta fi shiga wannan haɗari, domin ta fito daga iska mai laima ƙwarai ta faɗo cikin busasshiya a yini guda. Irin wannan a bar ta cikin jakarta a rufe na wasu kwanaki, kada a fito da ita a rataye a bango.

Ga mai naɗewa akwai ƙarin damuwa. Wuya da jiki katakai ne biyu da aka auna su hau juna daidai, kuma idan ɗaya ya tsuke fiye da ɗaya, zaman nasu ya canza. Ƙurar hunturu kuma tana shiga zaren notin da cikin gaɓar, mutum ya riƙa murɗawa da ƙarfi har zaren ya cinye. A goge wurin da busasshen ƙyalle kafin a haɗa, kuma a ɗaure da hannu gwargwado, ba da filaya ba. Idan wannan notin ya lalace, ba abu ne da za ka shiga kasuwa ka samo irinsa ba, sai dai a yi odarsa daga waje ko a kai wa mai injin juya ƙarfe ya gwada.

Maganin bushewa ba shi da tsada. Ka samo gidan sabulu na roba ka huda murfinsa, ka jiƙa soso ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka rufe shi a ciki ka ajiye cikin jakar, kana duba shi duk bayan kwana biyu ko uku. Da yake jakar goyo ta yadi ce, danshi yana fita ta jikinta, don haka ka fara sa jitar da soson cikin babbar leda tukuna. Da damina ta kankama, wajen Yuli da Agusta, ka cire soson gaba ɗaya, in ba haka ba katako zai kumbura, tsirkiyoyi su yi tsatsa.

Zafi kuwa, a watan Afrilu da Mayu rana tana haura digiri 40 a nan, kuma motar da aka rufe aka bari a rana cikinta yana iya wuce digiri 60. A irin wannan zafi gam ɗin da ke riƙe da jaki da ƙananan itatuwan da ke cikin jiki yana laushi. A nan mai naɗewa tana da fa'ida ta gaskiya, domin a naɗe babu abin da ke jan jakin, amma duk da haka kada ka bar ta a but lokacin da mota ke jiran fasinja a tasha. Kuma idan ka dawo gida ka haɗa ta, kada ka bar ta a naɗe watanni, saboda sandar ƙarfen da ke cikin wuya an saita ta ne a kan jan tsirkiyoyi.

Da ni ne mai saye, zan nemi wadda aka yi da zaren kabon, wani abu da ake amfani da shi maimakon katako, domin ita bushewa ba ta tsaga ta. Idan kuɗi bai kai ba, wadda aka yi da katakon da aka manna falle-falle ta fi jure yanayinmu a kan ta katako zalla, ko da kuwa ta katako zallan ta fi ta daɗin murya. Ba laifin itacen ba ne, domin jita da yawa da dangin maɗacinmu ake yin bayansu da wuyansu. Siranta katakon da ake yi har ya koma 'yan milimita shi ke sa ya kasa jurewa.

Hajiya Mai Koyarwa, Katsina:

Zan amsa maka ɓangaren jirgi, ƙanena, da yake aiki yana sa ni tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Malam Aminu Kano. Za ka ga masu talla suna cewa doka ta ba ka damar shiga jirgi da jita. Wannan dokar Amurka ce ta shekarar 2012, wadda aka fara aiki da ƙa'idojinta a 2015, ta tilasta wa jiragen ƙasar su karɓi ƙananan kayan kiɗa a cikin jirgi idan akwai wuri lokacin da fasinja ya shigo. Ba ta hau kan jiragenmu na cikin gida ba. A nan kowane kamfani yana da awonsa da nauyin da yake yarda da shi, wanda sau da yawa bai wuce kilo 7 ba, kuma jakar jitar ita ce za ta zama kayan hannunka, sauran kayanka sai ka auna su. Ka karanta ƙa'idar kamfanin kafin ka sayi tikiti, kuma ka je da wuri, domin wani lokaci ƙaramin jirgi ake kawowa wanda ma'ajiyar samansa ba ta ɗaukar jaka mai kauri, sai a karɓe ta a ƙofar jirgi a sa ta ƙasa. Saboda haka ka cusa tufafi masu laushi a kewayen kan jitar da tsakanin tsirkiyoyi da fuskarta tun daga gida. Abin yanke tsirkiya da sauran ƙarafa masu kaifi ka sa su cikin kayan da aka auna, kada a karɓe su wurin bincike.

Ina da ɗan saɓani da Baba a kan zaren kabon. Gaskiya ne bushewa ba ta tsaga irin wannan jita, amma mai kyau daga cikinsu kuɗinta yana kai dala 1,000 ko fiye, ban da kuɗin kawowa da na kwastan, kuma malamin makaranta ne ya yi tambayar. Idan yawancin tafiyarka ta mota ce tsakanin Daura da Katsina, kilomita 80 ko makamancin haka, ƙaramar jita wadda ba ta naɗewa, irin Baby Taylor ko ƙananan Yamaha, tsawonta wajen santimita 85 ne, kana iya tsayar da ita tsakanin ƙafafunka, kuma babu gaɓar da za ta lalace.

Ɗan Kusugu, daga Daura:

Na gode ƙwarai, Malam da Baba da Hajiya, Allah ya ƙara girma. Alamar da Baba ya faɗa ta ƙarafa masu kartar hannu tana jikin jitata yanzu haka, kuma yau zan nemo soso da leda. Shawarar Hajiya ta shiga raina, sai dai akwai wani dalili da ya sa nake son mai naɗewa. Daga tasha zuwa makarantun ƙauye babur muke hawa, kuma jita mai tsawo a bayan babur iska tana kaɗa ta, tana kuma jawo idon mutane da tambayoyi a shingayen bincike. Haka kuma an gayyace mu Damagaram, inda za mu bi ta Kwangwalam. Shin wannan ya isa dalilin ƙarin kuɗin?

Malam Mai Tsirkiya, Ƙofar Sauri, Katsina:

A ganina ya isa, ƙanena, tunda babur ya shigo cikin maganar, domin jakar da ta kwanta a bayanka ba ta wuce kai ba ta fi aminci gare ka da jitar duka. Ka nemi mai matsakaicin jiki, ta katakon falle-falle kamar yadda Baba ya ce, daga kamfanin da ke sayar da notin gaɓar daban, kuma ka sayi guda na ajiya tun a odar farko. Idan ta hannu za ka saya, ka sa mai ita ya naɗe ta ya buɗe a gabanka, sannan ka kama wuyan ka jijjiga shi a hankali. In ka ji motsi ko ƙara, ka bar masa abarsa. Ka riƙa tafiya da saitin tsirkiyoyi na ajiya, domin yawan naɗewa yana lanƙwasa su a wuri guda har su tsinke, mafi yawa sirarun biyun nan na ƙasa. A shingen bincike kuma ka buɗe jakar da kanka tun kafin a tambaya, saboda wanda bai taɓa ganin jita a naɗe ba zai so ya san mene ne, kuma gara hannunka ya fito da ita da a ja ta ta tsirkiya. Tafiyar Damagaram ka riƙe rasit ɗin saye tare da takardunka, ka kuma ɗauki hoton lambar da ke cikin jikin jitar a wayarka, domin idan za ka dawo a san taka ce ka fita da ita.