Diyyar rauni a wurin aiki: wa ya taɓa nema a jiha biyu?

Direban Tirela: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. A Shikago da ke jihar Ilinoi aka ɗauke ni aiki, can na sa hannu, amma a jihar Indiyana na zame daga bayan mota ina sauke kaya, kafaɗata ta goce. Masu inshora suka buɗe min fayil a Indiyana, suka haɗa ni da likitansu. Wata biyu ke nan ko cokali ba na iya kaiwa baki da hannun dama, shi kuwa likita cewa yake na koma aiki. Ƙofar Ilinoi ta rufe min ke nan?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Sannu ɗan uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ba ta rufe ba. Irin haka ta same ni, ni a gwiwa ce. Dokar Ilinoi tana bin ma'aikaci har wata jiha matuƙar a cikinta aka ƙulla ɗaukar aikin. Abin da ya sa na dage shi ne likita: a Indiyana wanda ya ɗauke ka aiki ne ke zaɓar maka, a Ilinoi kai ke da zaɓi. Ranar da na zauna gaban likitan da ya saurare ni har na gama magana, hawaye na yi. Sai dai kar ka sa ran kuɗi riɓi biyu, duk abin da na karɓa a farko sai da aka cire.

Maman Biyu: Ku yi hattara dai, ba kowace jiha ke yarda da haka ba. Maigidana ya karɓi diyya a jihar da ya ji ciwo, da muka nemi ta Teksas aka ce tunda ya zaɓi waccan har ya karɓa, shi ke nan. Da mun sani da mun tambaya kafin ya sa hannu.

Tsohon Magini: Gaskiyar Hajiya. Lauyana ya ba ni labarin shari'ar Thomas da kamfanin gas na Washinton, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1980. An ɗauki mutumin aiki a birnin Washinton, ya ji rauni a Bajiniya, ya karɓi diyya a can, kotu ta ce yana iya neman ƙari a Washinton. Amma kowace jiha da wa'adinta. A Ilinoi kwana 45 ne na sanar da wanda ya ɗauke ka aiki, shekara 3 na shigar da buƙata. A Indiyana shekara 2 ce. Malam Direba, ka sanar da su a rubuce?

Direban Tirela: Saƙon waya na tura wa shugabana a ranar, Baba, yana nan ban goge ba. Jiya kuma sun aiko da takardar sasantawa wai in sa hannu.

Maman Biyu: Don Allah ajiye biron nan, sai lauyan Ilinoi ya karanta ta tukuna.