Layin narkewa a kemistiri: ku da kuka wuce SS2 ya kuka yi da shi?

Ɗan SS2: Assalamu alaikum yayyena. Mun shiga darasin narkewa, malam ya zana giraf a allo, zafi a kwance, giram nawa ke narkewa cikin giram 100 na ruwa a tsaye, layuka sai hawa kan juna suke. Don Allah ku da kuka rubuta WAEC ya kuka gane abin nan?

Anti Malama: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ɗalibaina da rula nake fara musu, ka ɗora ta kan zafin da aka tambaya ka hau har ka taɓa layi sannan ka juya hagu ka karanta, shi ke nan fa. KNO3, wato sinadarin potassium nitrate, a digiri 60 kusan giram 110 ne ke narkewa cikin giram 100 na ruwa, a digiri 20 kusan 32, to in aka ce ruwan ya ɗauki iya ƙarfinsa a 60 aka sanyaya shi zuwa 20 ba zai iya riƙe sauran ba, giram 78 zai fito ya kwanta a ƙasa. Inda yara ke zubar da maki duk shekara shi ne in an ce ruwan giram 50 ne, su dai 78 ɗin suke rubutawa alhali 39 ne.

Tsohon ɗalibi: Mu dai sai da muka gani da ido ya zauna mana. Ɗakin gwajinmu ba gas, risho malam ya kawo daga gida wallahi, muka narkar da KNO3 a ruwan zafi muka tsoma ma'aunin zafi muna jira, da ƙwayoyin farko suka fito sirara kamar allura sai a rubuta zafin, a ƙara ruwa kaɗan a sake ɗorawa, haka muka samu ɗigo-ɗigon da muka haɗa layin da kanmu.

Maman biyu: Ɗana ne ya zo min da shi bara, kuma abin da ya ɗaure masa kai gishirin miya ne, layinsa kusan a kwance yake, wajen giram 36 a digiri 20, ko ka tafasa ruwan bai wuce 39 da ɗoriya ba. Shi ya ɗauka komai zafi ke ƙara masa narkewa. Layin Na2SO4, wato sodium sulphate, ma hawa yake zuwa wajen digiri 32 ya karye ya fara sauka, iskar gas kuwa gaba ɗaya sauka take, shi ya sa lemon kwalba mai ɗumi ke saurin sacewa.

Ɗan SS2: Na gode Anti, na gode Mama. To ɗigon da ba ya kan layi fa?

Anti Malama: In yana ƙasan layi ruwan bai ƙoshi ba, zai ƙara ci. Kan layi ya ƙoshi daidai. Sama da layi ya ɗauki fiye da ƙarfinsa, ƙwaya ɗaya ka jefa ragowar ta zubo. Kuma ka duba gefen giraf ɗin kafin ka fara lissafi, wani lokacin da mol/dm³ suke kawowa maimakon giram, wato mol (ma'aunin yawan sinadari) nawa ne a cikin lita ɗaya, KNO3 mol ɗaya giram 101 ne.