Me za mu kira "gun control" da Hausa?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Rahoto kan muhawarar bindiga a Amurka zai fita da ƙarfe takwas na daren nan, kuma "gun control" ta maƙale. An rubuta "sarrafa bindiga", amma kunnena ya ƙi karɓa.

Tsohon Soja: Kunnenka ya yi gaskiya. Sarrafa bindiga shi ne iya aiki da ita: ɗura, saiti, harbi. In ka ce ana neman dokar sarrafa bindiga, mai sauraro zai ɗauka horo za a ba mutane.

Hajiyar Labarai: Kada kuma ka sa "hana mallakar bindiga". Gyara na biyu na tsarin mulkinsu, na 1791, ya kare riƙe makami, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta ce haƙƙin mutum ɗaya ne ya ajiye bindiga a gidansa. Rigimar a kan sharuɗɗa take: wa zai saya, yana da shekara nawa, wace iri, gidan harsashinta na cin nawa. Dokar 1994 da ta tsayar da gidan harsashi a guda 10 ta ƙare a 2004, ba a sabunta ba. Ni "ƙayyade mallakar bindiga" nake sawa.

Malamin Nahawu: Kalma uku don fassara biyu! Ga tawa: "linzamin bindiga". Linzami ba ya kashe doki, tsayar da shi yake yi inda ya kamata. Gajeriya ce, kuma daga cikin gida ta fito.

Tsohon Soja: Malam, bindiga tana da kunama, tana da baki, tana da gindi. Ka ƙara linzami, za a ce wani ƙarfe ne a jikinta.

Hajiyar Labarai: Akwai abin da ya fi wannan, Malam. Linzami ya riga ya yanke hukunci cewa bindigar ce dokin da ya ƙwace. To a nan ne Amurkawa suka rabu. Ɓangare guda, da yawansu masu riƙo da addini, suna cewa bindiga ba ta harba kanta, zuciya ce ta lalace, gida ya watse, tsoron Allah ya ragu. Ɗaya ɓangaren na cewa addu'a bayan kowane hari ba ta wadatar ba, sauƙin samun makamin ne matsalar, suna kuma nuna cewa cikin mutum sama da 48,000 da bindiga ta kashe a 2021, fiye da rabi kansu suka harbe. Kalmar labarai ba ta shiga tsakani.

Malamin Nahawu: Hajiya, kun saba duk abin da gidajen rediyon waje ba su furta ba, ba Hausa ba ce a wurinku. Shi ya sa kuke cika mana kunne da "lasisi" da "fom".

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, ita kanta "bindiga" aron Larabci ce, haka "harsashi". In za a kori baƙi sai mu koma kwari da baka. Kuma ku riƙa tuna cewa a nan Nijar ma ana saurare, ba Kano kaɗai ake wa magana ba.

Malamin Nahawu: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gari.

Mai Fassara: Don Allah a bar wannan zuwa gobe. Saura biyu: binciken da ake yi kafin a sayar, da kuma irin bindigar nan AR-15.

Hajiyar Labarai: Na farko "tantance mai saye". Mai saye zai cike fom mai lamba 4473 a shagon da ke da lasisi, mai shago ya tura sunan ga rumbun bayanan FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wanda ya fara aiki a 1998. In ranakun aiki uku suka wuce ba amsa, dokar tarayya ta ba shi damar miƙa bindigar. Ta wannan kafa wanda ya kashe mutum tara a wani coci a birnin Charleston a 2015 ya sami tasa. Kada ka rubuta "bincike" kawai, za a zaci 'yan sanda ne ke zuwa gida.

Tsohon Soja: Na biyu, kada ka ce "mai sarrafa kanta". Waccan in ka danne kunama sai ta yi ta aman wuta har gidan ya ƙare, kuma tun 1986 aka rufe sayar wa farar hula sabbinta. AR-15 ja ɗaya, harsashi ɗaya. Iskar harbin ce ke tura ƙarfen baya, ya tofar da kwanso, ya ɗauko sabo. Ka ce "mai ɗura wa kanta harsashi".

Mai Fassara: Na ɗauki "ƙayyade mallakar bindiga" da "tantance mai saye". Ta ukun ta yi tsawo a kanun labarai, sai dai a cikin rahoto.

Malamin Nahawu: To, a sa "ƙayyade", amma da ƙ mai lanƙwasa, ba yadda kuka saba ba. Linzamina yana nan ajiye.